Uwar Kwaɗo

A unguwarsu babu yaron da bai san wannan doka ba, ko da bai gama koyon ɗaure zariyar wando ba: duk ƙwallon da ta faɗa shagon Inna Tela, ta faɗa ke nan. Ba a biko, ba a ban haƙuri, ba a turo babban mutum ya sa baki.

Shagon ɗaki ne guda a bakin gidanta. Ciki akwai keken ɗinki na ƙafa da ta gada wurin goggonta, da teburin yanka wanda ya sha alli har ya yi furfura, da igiya daga bango zuwa bango inda ake rataye kayan mutane. Aibin shagon ɗaya ne: tagarsa tana kallon wani fili da ba a san mai shi ba, kuma fili in ba shi da mai shi, to na yara ne.

Gabarta da ƙwallo ta samo asali ne tun tana da ƙuruciyarta. Wata rana da damina ta shimfiɗa farin yadi a teburi, za ta yanka rigunan ma'aikatan wani asibiti, aikin da ta daɗe tana nema. Sai ga ƙwallo jage-jage da taɓo ta faso gilashin taga, ta bi yadin nan tun daga wannan baki har wancan, ta je ta ture kofin shayi a kan ɗan abin da ya yi saura. Inna Tela ba ta yi ihu ba, ba ta zagi uwar kowa ba. Ta ɗauki ƙwallon ta fito bakin ƙofa, ta jira sai da yaran suka taru suna mutsu-mutsu, sannan ta sa almakashi ta raba ta biyu. Rabi ta cusa masa ƙyalle ta mai da shi mazaunin allura. Ɗaya rabin ta miƙa wa babbansu ta ce su raba.

Mijinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ta shigo gida sai ya roƙe ta ta fita. Shi kuwa yana son ƙwallo kamar ransa, amma a ɓoye. Ranar wasa sai ya ja kujera can bayan tankin ruwa, ya manna rediyo a kunne.

"Malam, me kake ji?"

"Labarai."

"Labaran da ake kururuwa a cikinsu?"

"Duniyar ce ta lalace," in ji shi, ya ƙara rage murya.

Allah ya ba su 'ya'ya, kuma duk suka bi hanyar da ta shata musu da alli. Babbar ta zama nas, biyu suka zama malaman makaranta, ɗaya mai gyaran wuta. In mace ta zo awo, kafin a gama auna kafaɗa ta ji tarihin kowannensu. Sai Auta.

Yaran unguwa ba wawaye ba ne. Da Auta ya fara tasawa suka yi shawara, suka ga ba wanda ya dace ya tsaya a gaban tagar nan sai ɗan gida. In ya tare, kowa ya huta. In ta wuce, shi zai shiga ya yi bayani. Haka yaron nan ya tashi yana tsalle dama da hagu, yana tarewa da hannu, da ƙirji, da goshi, da duk abin da Allah ya ba shi. Sauran masu tsaron raga koci ne ya koya musu. Shi tsoron almakashi ne ya koya masa. Uwar kuwa, da yake bayansa kawai take hangowa ta taga, sai ta riƙa yabonsa a gaban mata.

"Autana ba ruwansa da shashanci. Tsayuwa kawai yake yi yana kallon mahaukata."

Asiri ya tonu ranar da wani mutum mai tumbi, da usur rataye a wuya, ya yi sallama a shago. Ta ɗauka wando ya kawo a buɗa masa. Ashe kocin 'Yan Masaƙa ne, babbar ƙungiyar ƙwallon garin, wadda ma'aikatan masaƙa suka kafa tun zamanin kakanni. Ya ce yaronta suke so. Ta ce wanne, mai gyaran wuta? Da ta fahimci zancen sai ta jawo sandar awo, koci ya fita da baya yana ba da haƙuri.

A ranar ne maigidan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure. Ya fito daga bayan tanki, rediyo a hannu, ya ce, "A bar yaron nan ya tafi." Kafin ta gama mamaki, Auta ya haɗa jakarsa.

Daga nan in an tambaye ta aikin Auta, sai ta ce, "Gadi yake yi."

"A ina?"

"A masaƙa."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba mai cewa ta faɗi gaskiya.

Abin da ya ɗan sanyaya mata rai shi ne labarin da surukinta ya kawo. Surukin nan direban tasi ne, mijin nas, kuma shi kaɗai ne a dangi yake iya maganar ƙwallo a gabanta ya kwashe lafiya, don shi yake kai ta kasuwar yadi. Ya ce mata, cikin jimami, ai Auta ba ya samun buga wasa. Akwai wani ƙato a gabansa da ake kira Katanga, wanda ko mura ba ya yi, saboda haka Auta kullum yana benci.

"Benci? Zama yake yi?"

"Zama, Inna. Shekara da shekaru."

"A inuwa?"

"Akwai rumfa."

"Kuma ƙarshen wata a sallame shi?"

"Ana sallamarsa."

Ta juya zancen a ranta. "To ai wannan aikin ofis ne," in ji ta. Ranar har da ƙarin nama a miya.

Ana nan, sai wata shekara 'Yan Masaƙa suka tashi da ƙafar dama. Suka cinye na gida, suka shiga jirgi suka riƙa bin ƙasashe suna cinye na waje. Gari ya ɗauka. Mai kayan miya ba ya ba ka canji sai ya gaya maka yadda aka ci ta biyu. Da yake rigar ƙungiyar ruwan ɗorawa ce, kowa ya bazama neman ruwan ɗorawa: riga, hula, tuta, har da mai son a ɗinka wa babur ɗinsa. Inna Tela ta yi ta ɗinki tana tsaki, tana ɗinki tana tsaki, har ta kai in ta ɗaga kai ta dubi farar shinkafa sai ta gan ta rawaya.

"Wai ni Direba, me aka raba ne a garin nan ban samu ba?"

"Inna, wasan ƙarshe za a yi! Kofin zakarun nahiya. Kowace ƙasa ta turo gwanayenta, an yi tankaɗe da rairaya, saura mu da wasu masu farar riga daga can bakin teku. Kuma a filinmu za a buga."

"Kofi? Na shan ruwa?"

"Ba a shan komai da shi. Ɗagawa ake yi."

"Sannan?"

"Sannan a ajiye."

"Allah ya sawwaƙe," in ji ta, ta ci gaba da taka keke.

Ana saura kwana kaɗan Auta ya zo gida. Ya zama dogon saurayi mai faɗin tafin hannu, amma a gabanta har yanzu sai ya rage tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye kati a kan keke. Ya ce an ba kowane ɗan wasa kujerar iyaye a rumfar manya. Ya ce ya san ba zai buga ba, amma yana so ko sau ɗaya ya waiwaya ya ga nasa.

"Ba wa babanka."

Sai dai nas ta riga ta kafa doka: Baba da hawan jininsa ba zai taka filin nan ba, ko a talabijin ma sai tana zaune kusa da shi da abin awo. Inna Tela ta ce to a ba wa mabukata. Auta ya tashi jiki a sanyaye, ya bar katin a inda yake.

Da maganar ta mutu a nan, ba don maƙwabciyarta ba, matar mai kantin magani, wadda suka shekara talatin suna gaisawa da haƙora. Ta leƙo da yamma, idonta a kan katin.

"Na ji an ce ba za ki ba. Ai sai ki kawo in je a madadinki, kada kujerar uwa ta zauna wayam a gaban duniya. Ni ma uwarsa ce, na goya shi."

"Kin goya shi? Sau ɗaya na ba ki riƙonsa na shiga wanka, na fito na tarar ya haɗiye maɓalli."

"Ai ya fito."

"Ya fito, amma ba ke kika neme shi ba."

Ta ɗauke katin ta soke a ɗaurin zani. Kafin magariba ta aika a gaya wa Direba ya wanke mota.

Ranar wasa tun da hantsi hanya ta cushe. Direba ya ajiye mota nesa, suka taka. Ita ce gaba, da jaka a hammata da lema a hannu, mutane na darewa ba tare da sun san dalili ba. A bakin ƙofa wata 'yar sanda ta buɗe jakar. Ta fito da matashin zama, da gorar ruwa, da tef ɗin awo, da wata rigar yarinya da ba a gama kalmasa ba, sannan ta fito da almakashi mai tsawon kamu guda.

"Mama, me za ki yi da wannan a filin ƙwallo?"

Direba ya kama tarin da ba shi da shi.

"Aiki zan rage. Ko so kike in zauna haka hannu rabbana?"

Aka yi ta ja-in-ja, layi ya tsaya, na baya suna ihu. Daga ƙarshe ta yarda ta bar almakashin, bayan ta sa 'yar sandar ta rantse ba za ta yanka takarda da shi ba. Lema kam ta ce sandarta ce, duk mai son karɓa sai ya goya ta.

Da suka hau rumfa ta juya ta ga filin, sai da ta dafa ƙarfe. Ba ta taɓa ganin mutane haka ba. Ruwan ɗorawa ko'ina, sama da ƙasa, ana kiɗa ana tsalle har siminti na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ta ƙura ido a kan wata babbar tuta can tsallake, ta ce, "Waccan ni na ɗinka. Dubi yadda suka rataye ta a karkace." Sannan ta nemi ɗanta. Direba ya nuna mata shi, can ƙasa, zaune a benci cikin inuwa ya harɗe hannu. Ta gyaɗa kai, ta shimfiɗa matashi, ta zaro rigar yarinya da allura.

Aka busa usur. Ta ɗan kalla ta saman tabarau. Abin da ya fara damunta shi ne wani bawan Allah mai baƙaƙen kaya da ke ta gudu tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa ba shi ƙwallon.

"Wancan maraya ne?"

"Alƙalin wasa ne, Inna."

"Alƙali da gajeren wando. To."

Can sai alƙalin ya busa, mutane suka yi ca, Direba ya dafe kai ya ce an kama namu da satar gida.

"Sata? A gaban jama'a? Ɗan gidan wa ne?"

Direba ya fara bayani da hannu biyu da gorar ruwa, ya kai tsakiya ya ga shi ma ya ɓace, ya ce a bari sai an koma gida.

Ba a jima ba masu farar riga suka yi wata 'yar ƙulla-ƙulla, ɗaya ya ba ɗaya, wancan ya ɗaɗa ta a raga. Filin nan ya yi tsit kamar an yi mutuwa. A cikin shirun nan aka ji tafin mutum ɗaya. Inna Tela ce, ta ajiye allura tana tafawa tsakani da Allah.

"Inna! Mu aka ci!"

"Na sani. Baƙi ne, sun yi tafiya mai nisa. A ce ba wanda zai yi musu barka?"

Matar da ke gefenta, uwar kyaftin, ta janye kujerarta kaɗan.

Bayan hutun rabin lokaci 'Yan Masaƙa suka dawo kamar an zuba musu barkono. Akwai wani yaro a gaba da ake kira Siriri, wanda ƙungiyar ta ɗauko daga wata ƙasa, ƙafafu kamar sandar rake. Shi ya yanke mutum biyu ya farke. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Wani tsoho da bai san ta ba ya rungume Direba yana kuka, uwar kyaftin ta yar da ɗankwali, fili gaba ɗaya yana kiran Siriri, Siriri. Inna Tela ta soke yatsa da allura, ta ce a yi a gama.

Sai ƙaddara ta gitta. Wani ɗan gaban baƙi, gajere mai wuyan bijimi, ya kuɓuce shi kaɗai. Katanga ya fito da gudu ya kwashe shi, ƙafa da ƙwallo da ciyawa. Alƙali ya zaro jan kati. Katanga, wanda ko mura ba ta taɓa fitarwa ba, ya kama hanyar waje yana cizon safar hannu.

Inna Tela ba ta fahimci komai ba, sai da ta ga Auta ya miƙe yana cire rigar sama.

"Ina za shi? Wa ya tashe shi?"

"Shi zai shiga, Inna! Auta zai tsare raga!"

"A wannan ranar? Ba su ga mutumin can mai wuya ba?"

Kafin Direba ya amsa, fili ya ɗauki wani sabon kira, ana buga ƙafa: "Kwaɗo! Kwaɗo! Kwaɗo!" Wani mai ƙaton ciki a bayanta ya fi kowa buɗe maƙogwaro. Ta juya a hankali.

"Bawan Allah, wa kake kira kwaɗo?"

"Golanmu mana, Hajiya!"

"Ka ga ya yi maka kama da abin da ke kwana a kwata? Wata tara na ɗauki cikinsa!"

Ta ɗaga lema. Direba ya riƙe ta da hannu biyu yana rantsuwa cewa kwaɗon ƙofa ake nufi, na kullewa, wai in ya tsaya a raga ba mai buɗewa. Ta sauke lemar, amma ba ta janye hararar ba. Ta ce ko na ƙofa ne, a riƙa cewa na ƙofa.

Daga nan rigar yarinya ta faɗi ƙasa, ba ta sake waiwayarta ba. Baƙi suka ga an rage mutum ɗaya, suka taso kamar ruwan sama. Aka buga ta sama, Auta ya doke ta. Aka buga ta ƙasa, ya kwanta a kanta. Aka bugo wata kamar harsashi, ya tare da fuska. Duk wadda aka buga sai Inna Tela ta ji ta a nata ƙirjin. Ta ga yadda yake tsalle, ta ga yadda yake tashi yana ɗingishi ya koma ya tsaya, kuma a karo na farko ta ga fuskarsa yana wannan aiki. Bakinta na motsi, ita kanta ba ta san ko addu'a take yi ko zagi ba.

Sai aka bugo kwana. Auta ya tashi sama ya cafke, mai wuyan bijimi ya zo ya sa masa gwiwa a haƙarƙari. Yaro ya faɗi yana murƙususu.

Daga baya Direba ya ce shi dai ya duba gefensa ya ga matashi kawai. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa matakalar asibiti, ita ce ta sauka rumfar nan kamar yarinya, ta ratsa masu gadi, ta isa jikin waya ta kama ta tana girgizawa.

"Kai! Kai mai wuya! Zo nan! Uwarka ce ta haifa min shi? Alƙali, kana gani ko sai na ara maka tabarau?"

Mai wuya bai ji yaren ba, amma ya ji lemar, don ya matsa can tsakiyar fili. Abin da ba ta sani ba shi ne masu ɗaukar hoto sun juyo kanta. Fuskarta ta cika ƙaton allon da ke saman fili, ɗankwali a karkace, tef ɗin awo a wuya, lema a sama. Wani ya gane ta ya yi ihu, "Uwar Kwaɗo ce!" Kafin ka ce kwabo fili gaba ɗaya ya ɗauka: "Uwar Kwaɗo! Uwar Kwaɗo!" Auta da ke kwance ya ɗaga kai ya ga uwarsa a sararin sama, girmanta ya kai gida. Ya miƙe tsaye ba tare da mai magani ya taɓa shi ba. Daga baya nas ta ce a daidai wannan lokaci ne abin awon jinin Baba ya nuna lambar da ba ta taɓa gani a jikin mai rai ba, shi kuwa yana ta dariya har da hawaye.

'Yan sanda biyu suka rako ta kujerarta da girmamawa. Uwar kyaftin ta matso da tata kujerar, ta miƙa mata ruwa.

Lokaci ya cika ana kunnen doki, aka ƙara, aka sake cikawa. Direba ya ce yanzu sai bugun fenariti, ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato layi za su yi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ajiye ta a gabansa ya dake shi da ita iya ƙarfinsa? Shi kuma ba mai taya shi?"

"Haka dokar take."

"Wanda ya kafa dokar nan ba shi da ɗa."

Auta ya tare ta farko. A ta uku ya yi wani irin tsalle har ya taɓo ta da yatsu ta yi waje, sai dai a wannan tsalle wandonsa ya ɓarke tun daga baya har gaba, nahiya guda tana kallo. Fili na murna, ita kuwa ta rufe fuska da gyale tana cewa, "Ɗinkin kamfani! Na faɗa, na faɗa, zare ɗaya suke bi!" Aka kawo masa wani ya saka a bayan tawul.

Amma abin da gola ya tara, 'yan gaba suka watsar. Kyaftin ya buga a turke. Wani ya miƙa wa golan baƙi a hannu kamar saƙo. Aka zo ta ƙarshe, wadda in ta shiga a ci gaba, in ba ta shiga ba shi ke nan. Siriri ya fito. Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya zo da gudu, ya ɗaga ta sama can inda tsuntsaye ke wucewa.

Masu farar riga suka ɗaga kofinsu. Inna Tela ta dubi kofin da kyau daga nesa, ta tattara kayanta. A bakin ƙofa, cikin mutane masu kuka da masu zagi, ta tsaya sai da aka nemo mata almakashinta, ta gwada shi a gefen gyale ta tabbatar ba a yanka takarda da shi ba. Nan Auta ya same ta, leɓe a kumbure, ido ja wur. Ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ƙwace masa.

"Da ka zauna inda aka ajiye ka, da duk wannan bai same ka ba," in ji ta. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu, ta jiƙa gefen gyale ta goge masa jinin. "Kai ka yi naka. Na gani da idona. Waɗancan masu ƙafar katako ne ba su yi nasu ba. Musamman wancan siririn, Allah ya haɗa ni da shi."

Allah kuwa ya amsa da wuri. Washegari da safe tana share shago sai ga tasi ta tsaya, Direba da Auta suka fito suna waige-waige. Suka ɗaga tarin tutoci a kujerar baya, sai ga Siriri a ƙudundune. Auta ya ce tun jiya samari suka kewaye masaukin yaron da duwatsu, mutanen da suka yi ta kiran sunansa su ne yanzu ke neman kansa. Ba shi da kowa a garin, ko yaren bai gama ji ba.

Inna Tela ta riga ta tanadi maganganun da za ta gaya masa, ta kwana tana jera su. Ta dube shi. Yaro ne, bai kai Auta ba, idonsa ya kumbura, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

"Ya ci abinci?" ta tambaya.

Ta sa shi a bayan labulen gwaji da kofin shayi da burodi. Ba a daɗe ba sai ga samarin, an tsegunta musu. Suka cika bakin shago suna cewa a fito da shi. Ta fito ta tsaya a ƙofa da sandar awo, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Kai na gaba, ba ɗan mai gyaran famfo ba ne? Ba ni na ɗinka maka wandon makaranta har guda uku ba, saboda ba ya kwana a bushe? In faɗi dalili?"

Na gaba ya sunkuyar da kai, dutsen hannunsa ya zame.

"Kai kuma mai jar hula, kai da ko tsallake kwata ba ka iya yi sai ka faɗa, kai ne za ka koya wa wani bugu? Jiya da ya ci muku, wa ya fi ku ihu? Yaron nan baƙona ne. Mai son shi ya zo ya wuce ta nan."

Ba wanda ya zo. Daga can baya wani ya ce, "A yi haƙuri, Uwar Kwaɗo," sauran suka fashe da dariya, taro ya watse. Matar mai kantin magani, da ke leƙe ta katanga, ta ce ita ma yanzu take shirin fitowa.

Siriri ya zauna a gidan har gari ya huce. Baba ya samu abokin hira, suna yi da hannu da ƙafa a bayan tanki. Da sabuwar kakar wasa ta zagayo koci ya ba Auta raga, Katanga ya koma benci ya ɗanɗana aikin ofis. Sunan Uwar Kwaɗo ya bi ta har kasuwar yadi. Tun tana ɗaga lema har ta gaji ta fara amsawa. Ba ta taɓa cewa tana son ƙwallo ba, kuma mai son zaman lafiya ba ya tambayarta. Wandunan Auta dai ta karɓe su gaba ɗaya, ta bi kowanne da zare biyu.

Shi kuwa Siriri, ko bayan ya koma masaukinsa bai daina zuwa ba. Da yake ba ta yarda ƙato ya zauna mata a shago haka kawai, sai ta ba shi aikin zura mata zare a allura, don idonta ya fara gajiya. Yaron na karɓa zai zura, bugu ɗaya, ko lasar zaren ba ya yi. Ranar farko ta karɓi allurar ta ɗaga ta a haske, ta dube ta, ta dube shi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Kafar allura ba ka kuskure ba, amma raga mai faɗin shagon nan ka nema ka rasa."

Bai ji duka ba, amma ya ji raga. Ya rufe fuska yana dariya, ta tura masa kwalin maɓallai ta ce ya ware mata farare.